Yadda Ake Kauce wa Masu Sace Mutane a Wurin Ajiye Motoci

Wurin ajiye motoci, ko fili ne a gaban babban kanti ko asibiti, ko gini ne mai hawa-hawa ko na ƙarƙashin ƙasa, yana haɗa wa mai mugun nufi abubuwan da ba kasafai yake samunsu a wuri ɗaya ba. Akwai maɓoya, domin tsakanin kowace mota da maƙwabciyarta lungu ne da ido ba ya kaiwa daga nesa. Akwai dalilin tsayuwa, domin ba wanda zai tuhumi mutumin da ke zaune cikin mota ko yake zagaye kamar mai neman inda ya ajiye tasa. Akwai kuma abin tafiya a shirye, ko motarsa ko taka, ga hanyar fita zuwa babban titi. Shi kuwa mai mota yakan iso da kaya niƙi-niƙi a hannu, hankalinsa a kan waya ko a kan inda zai nufa, ya juya wa kowa baya yana laluben makulli.

Mafi yawan laifukan da ake aikatawa a irin wannan wuri na dukiya ne: fasa gilashi, fizge jaka, ƙwace mota. Sace mutum bai kai su yawa ba ko kusa, kuma bai kamata kowa ya riƙa shiga wurin fakin gabansa na faɗuwa ba. Sai dai idan ya auku, abin da ke biyo baya yakan yi muni ƙwarai, kuma matakan da ke kare mutum daga gare shi su ne dai suke kare shi daga ƙananan laifukan. Hatsarin ya fi taruwa a 'yan daƙiƙoƙin da mutum yake bakin ƙofar motarsa, ko yake zaune a ciki ƙofa ba a kulle ba. Duk abin da za a faɗa a nan yana komawa ga gajarta waɗannan daƙiƙoƙi, da kuma ƙin yarda a ɗauke mutum daga inda ake ganinsa zuwa inda ba a ganinsa.

Mataki na farko: zaɓen wurin tsayawa

Ka zaɓi wuri da tunanin lokacin da za ka dawo. Filin da ya cika maƙil da rana yana iya zama fayau bayan an tashi daga aiki ko an rufe kanti, sai ka tarar da motarka ita kaɗai a can ƙarshe cikin duhu. Don haka ka nemi kusa da ƙofar shiga, ko kusa da ɗakin masu gadi, ko ƙarƙashin fitila, ko inda mutane suke yawan bi da ƙafa. A gini mai hawa-hawa, hawan da ke daidai da titi ko wanda ke kusa da wurin biyan kuɗi ya fi hawa na can sama da na can ƙasa, waɗanda ba a cika zuwa ba kuma waya takan rasa sabis a cikinsu.

Ka guji tsayawa kusa da babbar mota marar tagogi ko mai baƙin gilashi, musamman mai ƙofar da ake ja gefe, idan wannan ƙofar tana fuskantar ƙofar direbanka. Haka kuma jikin ginshiƙi, bayan kwandon shara, ko gefen shuke-shuke masu duhu. Idan wurin ya ba da dama, ka shiga da ribas ta yadda gaban motar zai fuskanci hanya. Wahalar da za ka sha wajen shiga ita ce za ta sauƙaƙa maka fita da gaggawa, ba sai ka tsaya kana juya sitiyari kana duban madubi ba a lokacin da wani yake matsowa.

Kafin ka kashe inji ka buɗe ƙofa, ka dubi madubai uku da kewayenka. Idan ka ga wanda tsayuwarsa ba ta kwanta maka ba, ka tayar da mota ka canza wuri, ba ka bin kowa bayanin dalili. Ka lura da lambar layi ko hawan da ka tsaya, ko ka ɗauki hotonsa da waya, domin mutumin da ke kai da kawo yana neman motarsa ya riga ya sanar da kowa cewa a ruɗe yake.

Mataki na biyu: shiri tun kafin ka fito daga gini

Duk abin da zai ɗauke maka hankali, ka gama shi a ciki inda akwai jama'a: amsa saƙo, ƙirga canji, duba rasit, neman hanya a taswira. Makulli ya kasance a hannunka tun daga bakin ƙofa, kaya kuma a hannu ɗaya ko a keken tura kaya, ɗaya hannun a sake. Ka cire abin sauraro daga kunne, domin kunne yakan riga ido jin takun wanda ke biye da kai.

Mutane da yawa suna ganin cewa yin magana a waya yayin tafiya zuwa mota kariya ce, wai ai akwai wanda ke ji. Wannan tunani yana da rauni. A ranar 22 ga Nuwamba 2003, Dru Sjodin, ɗaliba 'yar shekara 22, tana magana a waya da saurayinta lokacin da aka sace ta a wurin ajiye motocin wata cibiyar kasuwanci a garin Grand Forks na jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Wayar ta katse, wanda ke ɗaya ɓangaren kuma ba shi da yadda zai yi ya kai mata ɗauki. Daga baya aka sanya wa rumbun bayanan masu laifin lalata na ƙasar sunanta. Abin da ya fi amfani shi ne ka sanar da wani cewa ka fito, ka kunna masa manhajar da ke nuna inda kake, sannan ka mayar da wayar aljihu ka bar ido da kunne su yi aikinsu.

Idan dare ya yi, ko filin ya watse, ko kuwa ka lura tun a cikin kanti cewa fuska ɗaya tana ta bayyana a duk layin da ka shiga, ka nemi mai gadi ko ma'aikaci ya raka ka. Manyan kantuna da asibitoci da jami'o'i da dama suna yin wannan idan an nema, sai dai kunya ke hana mutane tambaya. In babu mai rakiya, ka jira wasu su fito ka bi sahunsu.

Mataki na uku: tafiya zuwa mota

Ka bi tsakiyar hanyar da motoci ke wucewa, kana lura da su, maimakon ratsawa ta tsakanin motocin da aka ajiye. Tsakiyar hanya tana ba ka tazara daga duk ƙofar da za a iya buɗewa ba zato, kuma kyamara da sauran jama'a suna ganinka. A gini mai hawa-hawa, matakala mai rufaffen ɗaki ita ce wurin da ya fi keɓewa, saboda ƙofofinta masu nauyi ne kuma ihu ba ya fita. Idan lif ya buɗe ka ga wanda hankalinka bai kwanta da shi ba, ka bar shi ya tafi ka jira na gaba.

Tun daga nesa ka ƙare wa motarka kallo: ƙarƙashinta, gefenta biyu, da motar da ke kusa da ƙofar direba. Idan wata babbar mota ta zo ta manne da ita alhali fili ya yi yawa, ko akwai mutum zaune a kujerar da ke kusa da ƙofarka, ko inji yana aiki fitilu a kashe, kada ka ƙarasa. Ka wuce kamar motar ba taka ba ce, ka koma ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ido ya riga ya ga abin da bai yi daidai ba kafin mutum ya iya faɗin mene ne, kuma komawa cikin gini ba ya cin komai sai 'yan mintoci.

Wanda kake zargin yana bin ka, ka juya ka dube shi sau ɗaya sosai, kallon da zai gane cewa ka ga fuskarsa, sannan ka canza hanya zuwa inda mutane suke. Mai irin wannan aiki ya dogara ne da mamaya, kuma wanda ya riga ya gan shi ya rage masa rabin dabararsa.

Mataki na huɗu: bakin ƙofa

A nan ne ya kamata mutum ya fi horar da kansa, domin a nan ne baya yake a juye, kai a sunkuye, hannu a cike. Kada ka buɗe motar da rimot tun daga nesa, saboda walƙiyar fitilunta tana nuna wa mai kallo motar da ka nufa, kuma tana ba shi damar riga ka shiga. Ka bari sai ka iso. Motoci da yawa an tsara su yadda dannawa ɗaya take buɗe ƙofar direba kaɗai, dannawa ta biyu ta buɗe sauran. Idan taka tana buɗe duka a lokaci ɗaya, ka duba littafin motar ko allon saitinta, domin galibi ana iya canza hakan. Ka kuma san maɓallin ƙararrawa da ke jikin rimot da yawa, wanda ke sa hon ya yi ta ƙara fitilu suna walƙiya. Yatsa ya san wurinsa ba tare da ido ya duba ba.

Kafin ka shiga, ka leƙa kujerar baya da ƙasanta ta gilashi. Idan akwai kaya, ka zuba su da sauri, kana tsaye a karkace yadda za ka ga mai tahowa, ba ka cusa rabin jikinka cikin but ba. Gyaran kaya da jera su ya jira sai an isa gida. A ranar 2 ga Yuni 2007, da sauran hasken yamma, aka sace Kelsey Smith, 'yar shekara 18, a filin ajiye motocin wani babban kanti a garin Overland Park na jihar Kansas a Amurka. Kyamarorin tsaro sun nuna mutumin yana biye da ita tun a cikin kantin, ya kuma auka mata ne daidai lokacin da ta isa motarta. Kyamara ta taimaka wajen kama shi daga baya, amma ba ta hana komai ba a lokacin, kuma wannan shi ne iyakar amfanin kyamara a mafi yawan wurare.

Da zarar ka zauna, abu na farko shi ne kulle ƙofofi, tun kafin bel, tun kafin ajiye jaka, tun kafin tayar da inji. Motocin da ke kulle kansu ba sa yin haka sai an sa giya ko an fara gudu, wato bayan lokacin hatsarin ya wuce. Sannan ka tayar ka tafi. Zama cikin mota a wurin fakin ana duba waya, ko cin abinci, ko jiran wani, ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, kuma tana mayar da mutum abin kallo na tsawon lokaci. A watan Maris na 2022 a garin Fernley na jihar Nevada, wata budurwa 'yar shekara 18 tana zaune a motarta da asuba a filin wani kanti tana jiran bas ɗin da zai kai ta wurin aiki, sai wani mutum ya shiga motar ya tafi da ita. Idan jira ya zama dole, a yi shi ƙofofi a kulle, gilasai a sama, a wuri mai haske, ido yana zagayawa.

Mai tafiya da yara yana da ƙarin aiki, domin ɗaura yaro a kujerarsa yana ɗaukar lokaci kuma yana sa mutum ya sunkuya. Dabara mai kyau ita ce, idan wurin bai kwanta maka ba, ku shiga motar gaba ɗaya ta ƙofa ɗaya, ka kulle, sannan ka ɗaura musu bel daga ciki. Kada a bar yaro a mota inji yana aiki don a mayar da keken kaya ko a biya kuɗin fakin, ko da na minti ɗaya ne, saboda ɓarawon mota ba ya tsayawa duba kujerar baya. Makulli ya kasance a jikinka duk lokacin da kake wajen motar.

Mataki na biyar: idan wani ya tunkare ka da magana

Ba kowane mai sace mutum ne yake zuwa da ƙarfi ba. Wasu suna zuwa da ladabi da murmushi, suna neman abin da mutumin kirki zai ji nauyin hanawa. Ted Bundy, wanda ya kashe mata da dama a Amurka a shekarun 1970, yakan rataya hannunsa kamar mai karaya ya nemi a taya shi ɗaukar kaya zuwa motarsa. A ranar 8 ga Nuwamba 1974 ya tari Carol DaRonch a wata cibiyar kasuwanci a garin Murray na jihar Utah, ya ce shi ɗan sanda ne kuma wani ya yi yunƙurin fasa motarta. Ta bi shi zuwa wurin fakin, daga nan ya shawo kanta ta shiga motarsa wai za su je ofishin 'yan sanda. Da ya yi ƙoƙarin sa mata ankwa ta yi kokawa da shi ta faɗo daga motar, kuma shaidarta ce ta sa aka fara ɗaure shi.

Dabarun ba su canza sosai ba tun daga lokacin. Wani zai ce tayarka ta yi faci ko mai yana zuba a ƙarƙashin motarka, bari ya duba maka. Wani zai ce ka yar da kuɗi, ko ya goge maka mota yana son ku daidaita, ko batirinsa ya mutu, ko ɗansa ya ɓace. Wani zai riƙe maka kaya ba ka nema ba, ya ce ai shi ma can ya nufa. Abin da ya haɗa su duka shi ne suna son ɗaya daga cikin abu uku: ka matso, ka buɗe ƙofa, ko ka bi shi wani wuri. Alama mafi ƙarfi kuwa ita ce mutumin da aka ce masa a'a ya ci gaba da matsowa yana ƙara dalilai. Mai neman taimako da gaske yakan ja da baya idan ya ga ya tsorata ka.

Ka riƙe tazarar da hannunsa ba zai kai gare ka ba ko da ya yi taku biyu, ka sa keken kaya ko mota a tsakaninku. Ka ɗaga tafin hannu ka ce da murya mai ƙarfi, "Tsaya nan, kada ka matso." Ba rashin mutunci ba ne, kuma muryar tana jawo idon na nesa. Idan kana son taimaka masa, ka ce za ka turo masa mai gadi, ka tafi ciki ka yi hakan. Idan kana cikin mota, magana ta gilashi a rufe ta isa. Idan ka tarar da taya a sace ko motar ta ƙi tashi, sai ga wani ya bayyana nan take da tayin gyara, ka koma cikin gini ka kira wanda ka sani. Wanda ya ce shi jami'i ne amma yana cikin farin kaya da motar da ba ta da alama, ka gaya masa za ka kira lambar gaggawa ka tabbatar, kuma za ka yi magana da shi a cikin gini gaban mutane.

Akwai jita-jita da ke yawo a kafafen sada zumunta cewa masu fataucin mutane suna ɗaura igiyar roba a hannun ƙofa ko su sa wani abu a gilashi don yi wa mota alama. Ƙungiyar Polaris, wadda ke yaƙi da fataucin mutane a Amurka, ta bayyana cewa irin waɗannan labarai ba su dace da yadda abin yake faruwa ba, domin galibin waɗanda ake fataucinsu wanda suka sani ne yake yaudararsu. Duk da haka ƙa'idar aiki ɗaya ce: duk abin da ka gani a jikin motarka bayan ka shiga, takarda ce ko ƙyalle, kada ka fito cire shi a nan, ka matsa zuwa wuri mai jama'a tukuna. Wannan bayani na Polaris yana tuna mana wani abu da ake mantawa, cewa mai jiran mutum a wurin fakin yana iya zama tsohon miji ko tsohon saurayi ko wanda ya san lokacin tashinsa daga aiki. Wanda ke cikin irin wannan hali ya riƙa canza wurin tsayawa da lokacin fita, ya sanar da masu gadin wurin aikinsa, ya kuma ɗauki gargaɗin wayarsa da muhimmanci idan ta ce wata na'urar bibiya irin AirTag tana tafiya tare da shi.

Mataki na shida: idan an auka maka

Tambayar da za ka amsa cikin ƙiftawar ido ita ce: kaya yake so ko ni? Idan jaka ce ko waya ko mota, ka ba shi ba gardama. Ka jefa makullin ko jakar gefe guda, ka gudu ta ɗaya gefen zuwa haske da mutane. Idan akwai yaro a ciki, ka faɗa da ƙarfi cewa akwai yaro, za ka ɗauke shi ka bar masa motar. Mafi yawan masu ƙwacen mota ba sa son ƙarin laifin da yaro zai jawo musu.

Idan kuwa ya ce ka shiga mota, ko ka matsa kujerar gefe, ko ka tuƙa, lissafi ya canza. Shawarar da masu horar da jama'a kan kare kai suka fi haɗuwa a kanta ita ce kada a yarda a tafi wuri na biyu. Dalilin a fili yake: a wurin fakin yana tsoron ido da lokaci, shi ya sa yake son ku bar wurin, inda zai kai ka kuwa ya zaɓe shi ne saboda babu mai gani. Alkawarin da zai yi cewa ba zai taɓa ka ba idan ka yi shiru ba shi da wani nauyi. Ka yi ihu da kalmomin da ke bayyana abin da ke faruwa, irin su "Ban san shi ba, sace ni zai yi, ku kira 'yan sanda," domin ihu marar kalma mutane sukan ɗauke shi faɗan miji da mata su kawar da kai. Ka danna maɓallin ƙararrawa. Idan ya riƙe ka, ka saki nauyinka ƙasa, domin jan mutumin da ya zube yana shure-shure ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ka riƙe ginshiƙi ko tayar mota ko keken kaya, ka tokare ƙafa a bakin ƙofar. Ka kai hannu ga ido, hanci, maƙogwaro, da nufin samun daƙiƙa biyu na gudu, ba don cin nasarar faɗa ba.

Wannan shawara tana da iyaka, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye ta. Idan mutane da yawa ne ɗauke da bindigogi suka kewaye ka, ko an riƙe ɗanka, turjiya tana iya jawo abin da ake gudu nan take. A wannan hali sai a kwantar da murya, hannuwa a bayyane, ba motsin ba-zata, ana lura da duk abin da za a iya tunawa ana kuma jiran dama. Wanda abin ya same shi ne kaɗai yake ganin yanayin. Jiki ma yakan sandare don tsoro ba da zaɓin mutum ba, kuma wanda hakan ta same shi ba shi da laifi. Amfanin yin tunanin waɗannan matakai tun yanzu shi ne rage tsawon wannan sandarewa.

Mataki na bakwai: idan an riga an sa ka a mota

Damar tsira ta fi yawa a mintocin farko, kafin a bar cikin gari. Idan kai ke tuƙi, ka ɗaura bel, ka tafi a hankali, ka nemi mahaɗar hanya ko gidan mai ko shingen jami'ai inda za ka tsaya cak, ka danne hon, ka fice. Idan a kujerar baya kake, ka sani cewa makullin yara yana hana buɗe ƙofa daga ciki, amma idan gilashi ya sauka ana iya miƙa hannu a buɗe ta waje. Akwai alamar neman agaji da Gidauniyar Mata ta Kanada ta fito da ita a 2020: a nuna tafin hannu, a lanƙwasa babban yatsa ciki, a rufe shi da sauran yatsu huɗu. A watan Nuwamba na 2021 wani direba a jihar Kentucky ta Amurka ya gane wannan alama daga wata yarinya a cikin motar da ke kusa da shi, ya kira 'yan sanda aka cece ta.

Wayoyin zamani suna da kiran gaggawa da ba ya bukatar duban allo. A iPhone ana danne maɓallin gefe tare da na ƙara sauti, a wayoyin Android da yawa kuma ana danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere. Ka saita shi tun yau, ka sa sunayen waɗanda zai aika wa saƙo, ka duba ko yana yin ƙara kafin ya kira domin a kashe ƙarar idan ana so. Lambar gaggawa ta bambanta: 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da yawa. Idan an tilasta maka cire kuɗi a na'urar ATM, ka sani cewa labarin da ake yaɗawa wai shigar da lambar sirri a juye yana kiran 'yan sanda ƙarya ne.

Idan but aka kulle ka, ka nemi wani ɗan mariƙi mai haske a duhu kusa da makullin murfin, ka ja shi. Wannan mariƙi yana da tarihi. A 1995 'yan bindiga suka tare Janette Fennell da mijinta a garejin gidansu a San Francisco, suka cusa su a but ɗin motarsu, suka kai su wani keɓaɓɓen wuri suka yi musu fashi suka bar su a kulle. Sun tsira ne da suka yage shimfiɗar ciki suka lalubo wayar da ke buɗe murfin. Fennell ta shafe shekaru tana fafutuka har Amurka ta wajabta sanya mabuɗin ciki a but ɗin motocin da aka ƙera daga 1 ga Satumba 2001. Tsofaffin motoci da wasu da aka ƙera don wasu ƙasashe ba lallai su kasance da shi ba, saboda haka ka buɗe but ɗinka da rana ka duba, ka nuna wa iyalinka. In babu shi, a gwada tura kujerar baya idan mai naɗewa ce, ko a nemi wayar mabuɗin a ƙarƙashin shimfiɗa ta ɓangaren direba, ko a yi amfani da jak da sifana a bugi murfin. A jira motar ta rage gudu ko ta tsaya kafin a buɗe.

Idan kai ne ka gani, ko naka ne bai dawo ba

Binciken da masana halayyar ɗan Adam John Darley da Bibb Latané suka wallafa a 1968 ya nuna cewa idan masu kallo suna da yawa, kowa yakan ɗauka wani ne zai yi wani abu. Don haka kada ka jira. Ba sai ka shiga tsakani da jikinka ba: ka danna hon, ka haska fitila, ka yi ihu cewa ka kira 'yan sanda, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira masu gadi. Ka riƙe lambar mota ko da rabinta ne, launinta, irinta, wata alama kamar lotsewa ko sitika, yawan mutanen ciki, da hanyar da suka bi, ka faɗe su a waya nan take kafin su gauraye a kanka.

Idan ɗan'uwanka ya ce ya fito amma bai iso ba, wayarsa ba ta shiga, ko aka ga motarsa a buɗe kayansa a zube, ka kai rahoto nan da nan. Maganar cewa sai an jira awa 24 kafin a sanar da ɓatan mutum ba ta da tushe a Amurka ko Birtaniya, kuma ko'ina ne awannin farko su suka fi daraja. Kada a taɓa motar ko kayan da ke ƙasa. A roƙi masu wurin su adana hoton kyamara, domin na'urori da yawa suna goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki. A kuma matsa wa 'yan sanda su nemi bayanin inda wayar take daga kamfanin sadarwa. A lamarin Kelsey Smith an ɗauki kwana huɗu kafin a samu wannan bayani, da aka samu kuwa cikin ƙasa da awa ɗaya aka gano gawarta. Wannan ne ya sa jihar Kansas ta kafa doka da sunanta a 2009, wadda ta tilasta wa kamfanonin waya ba 'yan sanda bayanin wurin waya idan rai yana cikin hatsari, jihohi da dama kuma suka bi sahu. A inda babu irin wannan doka, abin da zai cike gurbinta shi ne iyali su kunna wa juna manhajar nuna wuri tun kafin a bukace ta, kuma wani amintacce ya san yadda ake shiga asusun neman wayar da ta ɓace.